Akori-kura Ta Shida

Arlen Vosburg yana saukowa daga mota ta goma sha bakwai ke nan sai ya ji ya taka wani abu mai laushi. Ya ɗaga ƙafa ya duba. Mataccen ɓera ne, da alama ya kwana biyu a cikin injin kafin ya faɗo. Ya goge takalminsa a jikin tayar da ba ta taɓa taka titi ba, ya tofar da yawu, ya nufi ta goma sha takwas.

Aikin kowace Asabar da safe ke nan a kamfanin motoci na Stoltz: a fito a sassauya wa motocin wuri. Ta gaba ta koma baya, ta baya ta dawo gaba, wai don mai wucewa a titi ya ɗauka ana ciniki. Wa za a ruɗa? Garinmu na Orland duka mutum dubu huɗu ne, kuma akwai matan da suka fi manajan sanin wace mota ce ta yi Kirsimeti a nan. Akori-kura ɗari da ashirin da manyan jif-jif arba'in sun yi sahu har bakin wayar shinge, kowacce ƙatuwa kamar ɗaki, kowacce da farashin da iyayenmu suka sayi gida da shi. Shekara uku da suka wuce har faɗa ake yi a kansu tun suna kan tirela. Yanzu masara ta faɗi, mai ya hau. Manoma sai su zo su zagaya, su shafa, su karanta takardar da ke manne a gilashi, su yi tsaki, su ci gugguru kyauta, su koma gida a tsofaffin motocinsu. Matasa kuwa ƙanana suke saye, kuma ba ruwansu da sunan da ke rubuce a goshin mota.

"Kawu Arlen, ɗan zo mana."

Brody Stoltz ne, jikan mai kamfanin, wanda aka ba kujerar manaja bara yana da shekara talatin da ɗaya. Yana tsaye a ƙofar gilashi da kofin kofi a hannu, haƙoransa farare tas kamar an saye su jiya. Arlen ya daɗe da lura cewa ba ya ce masa Kawu sai in akwai abin da zai yanka masa.

"Mako nawa rabonka da sayar da babba?"

"Kai ma ai ka sani."

"Shida. Kaka ya ce in rage mutum ɗaya a ƙarshen wata, yau ne kuma ƙarshen watan. Ni dai ba na so ya zama kai. Kai ka koya min aikin nan, ka san ba zan so ba."

"To kada ka so mana."

Brody ya yi dariya, ya kurɓi kofinsa. "Babba ɗaya kafin mu rufe. Akori-kura ko jif, ba ruwana, in dai sabuwa ce. In ka yi, na samu abin da zan faɗa wa Kaka."

Ya juya ya shige. Arlen ya tsaya yana kallon bayansa. Shekararsa ashirin da shida a filin nan, shekarunsa kuma hamsin da tara. An yi masa aikin zuciya a bara, kuma inshorar asibitin da ke biyan magungunansa a jikin aikin nan take rataye. In ya kwashe kayan teburinsa yau, ba wanda zai ɗauki mai irin shekarunsa sai dai a ba shi jera kaya a kanti, ba inshora. Matarsa Gaylene ta san da haka, shi ya sa da safe ba ta tambaye shi komai ba, ta dai goge masa riga har sau biyu.

Masu sayarwa a kamfanin su biyar ne, kuma layi ake bi: duk wanda ya shigo ƙofa na wanda layi ya zo kansa ne, ko da kuwa banɗaki ya zo nema. Na farkon da ya faɗo wa Arlen banɗakin kuwa ya zo nema. Sai wajen sha ɗaya saura kwata layi ya sake zagayowa, daidai lokacin da wata tsohuwar akori-kura shuɗiya ta karyo kwana a hankali ta tsaya nesa da ƙofa. Arlen ya gane ta, don shi ya sayar da ita. Zuciyarsa ta yi wani irin tsalle na murna wanda daga baya ya riƙa jin kunyarsa.

Merle Tesar ne, manomi, mai shekara tamanin da ɗaya. Akori-kura biyar ya saya a hannun Arlen, duka ƙirar Ford, kamar yadda ubansa ya yi, kamar yadda kakansa ya yi. A gidan Tesar wannan ba zaɓi ba ne, gado ne. Duk garin an san mijin 'yarsa Darla, mai mota ƙirar Chevy, shekara ashirin da biyu a bakin titi yake ajiye motarsa ya tako da ƙafa zuwa gidan surukinsa, ko da dusar ƙanƙara ta kai gwiwa, don Merle ya rantse tayar Chevy ba za ta taka masa tsakar gida ba.

Ƙofar ta buɗe, amma mutum bai fito ba. Wani bokitin roba ne ya fara saukowa, ɗaure da igiya, ya kifu a ƙasa. Sannan ƙafa ɗaya ta leƙo tana laluben bokitin, sannan sanda, sannan sauran Merle, yana nishi.

"Kada ka taɓa ni," ya ce, da ya ga Arlen ya miƙo hannu. "Na saba. Tun da suka sa min ƙarfe a ƙugu da wannan nake hawa nake sauka."

"Sannu da zuwa, Baba Merle. Ina Mama Opal?"

"Tana gida." Tsohon ya waiga hagu da dama, ya leƙa cikin ɗakin gilashin. "Hollis na ciki?"

"Asabar ce fa. Yana nan ya tare injin gugguru."

"To mu zaga ta baya."

Arlen ya bi shi a hankali, suna ratsa tsakanin manyan motocin. Goshin kowacce ya kai wa tsohon kafaɗa. Bai ko kalle su ba. Sai da suka wuce wurin wanki, inda ake jibge motocin da mutane suka kawo musaya, sannan ya tsaya a gaban wata 'yar ƙaramar Toyota mai ruwan toka, ta wata malamar makaranta da ta bar gari. Brody ne ya sa aka ɓoye ta a nan, wai kada ta ɓata wa filin kyau.

"Na hango ta ta shinge ranar Laraba," in ji Merle, murya ƙasa-ƙasa kamar mai tambayar maganin basir. "Buɗe min in gani."

Arlen ya buɗe. Tsohon ya juya baya, ya zauna, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya shigar, ya shigar da ɗayar. Shi ke nan. Ya zauna yana riƙe da sitiyari, ya fita, ya sake shiga. Sannan ya zagaya ɗaya gefen, wurin fasinja, ya gwada nan ma.

"Opal za ta iya shiga wannan," ya ce.

"Ba ta iya hawa taka ne?"

"Wata takwas rabonta da coci. Na gwada bokiti, na gwada katako, na gwada ɗaukarta, muka faɗi tare a gareji. Daga ranar ta ce ta haƙura. In za ta asibiti sai 'yarmu ta zo daga Omaha." Ya shafa kujerar. "Gobe za a yi wa tattaɓa-kunnenmu baftisma. Ta fito da rigarta tun Litinin ta rataye, ba ta ce min komai ba."

Ya ɗago ya dubi Arlen da jajayen idanu.

"In ka faɗa wa wani na zauna a cikin Toyota, sai na fasa maka kai da sandar nan."

"Ni ban ga komai ba, Baba."

"Za ka iya cire sunan daga jikinta?"

"Minti biyar ne."

"To mu je a yi takarda. Ku karɓi tawa."

Nan ne bakin Arlen ya riga kansa. Shekara ashirin da shida yana faɗin magana ɗaya a daidai wannan gaɓa, har ta zama kamar tari. Ya miƙa tafin hannu ya ce, "Kawo makullin taka a duba ta, mu ga abin da za ta yi." Merle ya zaro ya ɗora masa.

Brody ya saurari bayanin a ofishinsa yana jujjuya makullin a yatsa. Da Arlen ya gama, sai ya jawo aljihun tebur na ƙasa, ya jefa makullin, ya tura da ƙafa.

"Wannan 'yar gwangwanin ba ta cikin abin da na ce maka. Ranar Litinin ma za a kai ta gwanjo."

"Mutumin ba ya iya hawa babba, Brody. Da bokiti yake hawa."

"Sababbin ai suna da matakala mai fitowa da kanta. Ka nuna masa. Kawu, mutumin nan ya sayar da gonarsa ta bakin rafi a bazara, kowa ya sani. A garin nan yau mutum nawa ne za su iya rubuta cek su ɗauki babba? Allah ya kawo maka shi har ƙofa, a ranar da kake nema, kana min maganar Toyota?" Ya nuna kujerun waje da haɓa. "Je ka zaunar da shi."

Ba sai an yi wa Arlen bayani ba. Wanda ba shi da makulli ba ya tafiya. A ba shi kofi, a ba shi labari, a ce makanike bai gama ba, a ce ana kiran banki, a bar yunwa da gajiya su yi sauran aikin. Bayan awa uku mutum zai sa hannu a kan komai don ya ga gidansa. Tsoho Stoltz a zamaninsa kan rufin kwano yake wurga makullin, ya ce in ka saya a ɗauko tsani. Arlen ne ya koya wa Brody dabarar aljihun tebur, a wannan ofishin, yana dariya lokacin. Yanzu ga shi yana ganin tasa koyarwar a jikin yaron.

Ya fita ya zaunar da Merle, ya kawo masa kofi.

Kujera biyu tsakani, Hollis Brandt yana zaune da jakar gugguru ta uku a cinya. Tsohon direban motar wasiƙu ne, shekara goma sha biyar yana zuwa nan kowace Asabar, ko murfin taya bai taɓa saye ba. Shi mutumin Chevy ne, kuma shi da Merle tun suna aji ɗaya a firamare suke zagin juna a kan wannan.

"A'a, tsoho, ka zo ƙara wa kanka wahala?" in ji Hollis.

"Na zo ganin ko ka mutu ne, a samu gugguru ya huta."

Suna cikin haka Brody ya fito yana tafa hannu, ya ɗaga murya yadda har mai karɓar waya sai da ta juyo.

"Baba Merle! Yanzu Kawu Arlen ke gaya min wai Toyota kake so. Na ce masa ƙarya ne. Na ce Merle Tesar? Wanda hotonsa da kakana ke rataye a bangon can?"

Hollis ya daina tauna. Ya juyo a hankali, wani farin ciki ya cika masa fuska, irin na wanda ya jira abu shekara saba'in.

"Maimaita, yaro. Me ka ce yana so?"

"Dubawa kawai na yi," in ji Merle.

"Toyota." Hollis ya ajiye jakar. "Kai, Merle. Kai da ka sa mijin Darla yana tafiya cikin ƙanƙara kamar ɓarawo? Ko Chevy ba ka tsaya a kai ba, ka tsallake teku gaba ɗaya? Bari in kira shi. A'a, bari sai gobe a coci, in faɗa a gaban kowa. A bakin titi za ka riƙa ajiye ta, ko za ka yi wa kanka sassauci?"

"Rufe min baki."

"Ubanka yana kwance a kabari a bayan coci, ka biya ka nuna masa."

Wuyan Merle ya yi ja har kunne. Bai dubi Hollis ba, Arlen ya duba. Arlen ya sunkuyar da kai yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

Brody ya dafa kafaɗar tsohon. "Rabu da shi, Baba. Zo ka ga abin da ya dace da kai. Kallo ai kyauta ne."

A tsakiyar ɗakin akwai wata farar akori-kura mai ƙofa huɗu, an goge ta tana ɗaukar ido. Brody ya buɗe ƙofa, matakala ta zuro kanta daga ƙasa da ɗan ƙara. Ya nuna kujera mai ɗumama baya, ya nuna allo mai nuna abin da ke gaban mota, tun da mai tuƙi ba ya iya hango ƙasa daga can sama. Merle ya tsaya ya dogara da sanda yana kallon matakalar. Ko ita ta kusa kai masa gwiwa.

Sha biyu ta wuce. Merle ya dawo kujerarsa, ya dubi agogo.

"Arlen, ba ni makullina. Opal ba ta iya kunna murhu ita kaɗai. Na dawo wani lokaci."

Ga aljihun teburin can, taku goma sha biyu. Arlen ya san adadin, ya sha takawa. Ya buɗe baki, ya ji muryarsa ta fito sumul, ba ko gargada.

"Makaniken ya fita cin abinci da shi a aljihu, Baba. Yanzu zai dawo. In ƙaro maka kofi?"

Tsohon ya dube shi ya daɗe. Sannan ya ce, "Ƙaro."

Ƙarfe ɗaya ta yi, makanike bai dawo ba. Ɗaya da rabi, wai ya dawo amma ya ajiye makullin a wani wuri ana nema. Brody yana zuwa yana komawa da takarda a hannu, kowane zuwa da sabon rangwame. Hollis ya ƙi tafiya gida, ya ce yau ko sinima bai kai nan ba. Merle ya kira gida, ya juya baya yana magana a hankali: akwai biskit a kan firji, ki ci da madara, na kusa. Ya mayar da wayar aljihu. Arlen ya ji ba zai iya ci gaba da zama a wurin ba. Ya ce zai je ya duba makaniken, ya fice ta ƙofar gefe.

A waje, ƙarƙashin wata rumfa, ana gasa naman sosej kyauta don jawo masu saye. Ba mai saye ko ɗaya, sai ƙudaje. Sosej ɗin sun daɗe a kan wuta har sun yamutse sun yi baƙi. Arlen ya ɗauki ɗaya ya cusa a burodi ya ci a tsaye, ba don yunwa ba, don dai hannunsa ya samu abin yi. Maiƙon ya daskare masa a dasashi. Ya ji ƙyamar naman, da ƙyamar balan-balan ɗin da aka ɗaure a madubin motoci, da ƙyamar farar rigar da Gaylene ta goge, da ƙyamar mutumin da ke cikinta fiye da komai. Ya ce wa kansa yanzu zai shiga ya ɗauko makullin. Sai ya tuna kwalaben magani guda huɗu da ke jere a kan tagar kicin. Ya ɗauki sosej na biyu.

Minti ashirin da biyar ya yi a rumfar nan. Daga baya, duk lokacin da ya tuna ranar, ba ƙaryar makaniken ce ke hana shi sukuni ba, waɗannan mintocin ne, don ya san abin da ake yi a ciki, ya kuma san dalilin da ya sa ya ba su lokaci.

Da ya gama, ya jefa takardar a kwandon shara, ya shiga da sauri kamar mai gaskiya. Ofishin Brody ba kowa. Ya jawo aljihun tebur na ƙasa, ya ɗauki makullin, ya fito yana riƙe da shi a fili yadda kowa zai gani.

Merle ba ya kan kujerarsa. Yana cikin ƙaramin ofishin da ake sa hannu, ya ɗora hularsa a gwiwa, yana mayar da murfin biro. Brody ya fito ya rungumi Arlen, yana warin turare.

"Ga mutumin! Babba ɗaya, kamar yadda muka yi. Kawu, ka tsira." Ya ga makullin a hannunsa, ya kashe masa ido. "A'a, an samu ke nan? Kai wa masu wanki, tamu ce yanzu."

Hollis ya tashi yana karkaɗe gugguru daga wandonsa. Duk jikinsa ya yi sanyi, an ƙwace masa labarin gobe. "Na san ba za ka iya ba," ya ce wa Merle, ya tafi.

Aka fito da farar motar bakin ƙofa. Arlen ne ya kwaso kayan tsohuwar: safar hannu, filaya, igiyar ɗaure kaya, tarin rasit na shagon iri. A kujerar fasinja akwai wani ɗan matashi mai furanni, an saƙa masa riga da hannu, ya lotsa a tsakiya.

"Wannan fa, Baba?"

"Na Opal ne." Merle ya dube shi, ya dubi farar motar. "Jefa shi a baya."

Brody ya tsayar da su a gaban motar ya ɗauki hoto, ya ce su yi murmushi, ya sake ɗauka don Arlen bai yi ba. Sannan wayarsa ta yi ƙara ya shige ciki, ya bar su su biyu.

Matakalar ta zuro. Merle ya ɗora sanda a kujera, ya kama ƙarfen ƙofa, ya ɗaga ƙafa. Ba ta kai ba. Ya sake gwadawa, takalmin ya goge bakin matakalar ya zame. Ya tsaya yana haki, goshinsa a jikin ƙofa.

"To, yanzu kam taɓa ni," ya ce.

Arlen ya durƙusa a kan kwalta, ya ɗaga masa ƙafar da hannu biyu ya ɗora. Sannan ya sa kafaɗa a ƙarƙashinsa ya tura. Tsohon ba shi da nauyi ko kaɗan, ƙashi ne kawai a cikin wando. Ya faɗa kan kujerar a karkace, ya yi wata 'yar ƙara, ya gyara zama. A can sama ya zama ɗan mitsitsi, hularsa da ƙyar ta wuce sitiyari.

Arlen ya tsaya riƙe da ƙofar. Sai da ya ɗaga kai sannan ya iya ganin fuskarsa.

"Baba Merle, makaniken bai fita da makullinka ba. Yana cikin aljihun tebur tun safe. Ni na kai shi."

"Na sani."

Merle ya sa yatsu biyu a aljihun ƙirjin rigarsa, ya zaro wani makulli ɗaure da jan zare, ya miƙo masa.

"Ungo, ku haɗa da wancan. Ka yi min wannan wasan a mota ta biyu, ranar da Darla ke naƙuda. Tun daga ranar ban sake zuwa nan ba sai da na biyu a aljihu."

Arlen ya karɓa. Makullin da ɗumi.

"To me ya sa ba ka tafi ba?"

"Na tashi zan tafi, da ka fita. Sai yaron nan ya ce min in na fita ƙofar nan, kai ma yau za ka fita." Ya ɗaga kafaɗa. "Ga Hollis kuma ya zuba min ido. Ban san wanne ya fi ba, kada ka ɗauke ni waliyyi. Amma dai mota biyar na saya a hannunka. Da aka yi maka aiki bara, Opal ta sa sunanka a addu'a."

"Gobe fa? Baftismar?"

"Zan ce mata an riga ni sayen ƙaramar." Ya laluba ya nemo inda ake tayar da motar. "Ta saba zama. Zan ɗauko mata hoto."

Takardun suna nan a kan tebur, ko ambulan ba a sa su ba. Motar ba ta taka titi ba tukuna. Arlen ya sha ganin an yaga irinsu, kuma ya san in ya kira tsoho Stoltz a gida ya ce masa Merle Tesar ne, za a yaga. 'Yar Toyotar na nan bayan wurin wanki, cire sunan minti biyar ne. Kalma huɗu ce kawai: sauko, Baba, mu koma. Ya ji su a bakinsa, sun haɗu da maiƙon sosej. Merle yana kallonsa daga sama, bai tayar da motar ba, kamar shi ma jira yake.

"Allah ya kiyaye hanya, Baba," in ji Arlen. "Ka gaishe da Mama."

Ya ja da baya, ya tura ƙofar da tafin hannu, ba da ƙarfi ba, ba kuma a hankali sosai ba, daidai yadda ake koya wa sababbin ma'aikata, don mai saye ya ji irin ƙarar da ƙofar mota mai tsada take yi.